Surukata Ta Ce Sai An Cire Wa Yarana Beli

Assalamu alaikum Anti. Ina da yaro ɗan shekara huɗu, yanzu kuma ina ɗauke da ciki wata takwas. Na farkon a gidanmu na haihu na yi wanka, kuma mahaifina bai bari wanzami ya taɓa bakinsa ba. Tun bara yaron yake minshari, yana barci baki buɗe, ciwon wuya ba ya daɗewa bai dawo ba, kunnensa ma ya taɓa fitar da ruwa. Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta ce beli ne da aka ƙi cirewa ya girma yana toshe masa wuya, wata rana kuma zai fashe. Ta ce laifin gidanmu ne. Wannan karon ta ce a ɗakina zan yi jego, ran kwana uku wanzaminsu zai zo ya cire wa jariri, ya haɗa da yayansa. Maigida ya ce shi ma an cire masa, ƙannensa duka an cire musu, ga su nan lafiya lau, ba zai yi jayayya da mahaifiyarsa a kan ɗan wannan abu ba. Hajiya ba muguwa ba ce, tana sona, ita ke dama mini kunu tun da cikin nan ya tsufa. Na ji an ce ta rasa ɗa a goye kafin ta haifi maigida. A wajen awo malamar asibiti ta ce kada mu yarda. Amma idan na ga yadda yaron yake numfashi da dare, sai in ce ko dai Hajiya ce mai gaskiya. Ina tsoron a cire, ina tsoron a bari. Yaya zan yi?

Wata 'yar uwa daga jihar Katsina

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya raba lafiya. Zan faɗa miki ra'ayina tun daga farko don kada ki kwana da zullumi: kada a cire wa jariri beli, kada a cire wa yayansa. Amma Hajiya ta ga abin da yake na gaskiya. Yaron nan yana da damuwa a wuya, kuma damuwar tana neman magani. Inda aka samu kuskure shi ne wurin da aka nuna da yatsa.

Ki ɗauki madubi da fitilar waya, ki buɗe baki sosai. Idan kika goga harshe a rufin bakinki daga bayan haƙoran sama, za ki ji wuri mai tauri, wato ganɗa, ƙashi ne a ciki. Ki ƙara matsawa baya, za ki ji ƙashin ya ƙare, wurin ya yi laushi. Wannan tattausan ɓangaren shi ne hanɗa, ba ƙashi a cikinsa, tsoka ce lulluɓe da fatar baki, kuma tsokoki iri biyar ne suka haɗu suka gina shi. Beli shi ne ɗan tsinin da yake lilo a tsakiyar gefensa na baya. Yanzu ki ce "aaa" kina kallon madubin. Za ki ga hanɗar ta yi sama, belin ya tattare ya bi ta. Hanɗa labule ce tsakanin baki da bayan hanci. In kina numfashi sai ta sauka iska ta wuce daga hanci zuwa ƙasa. In kina haɗiya sai ta ɗaga ta manne da bangon baya, ta rufe hanyar hanci, shi ya sa kunu ba ya biyo miki ta hanci. Haka take yi a magana. Da za ki ce "mama" a sauke take, da za ki ce "kaka" ko "ƙoƙo" sai ta rufe, bayan harshe ya taɓa ta. Belin kansa yana da 'yar tsoka a ciki da ke taimaka wa wannan rufewar, yana kuma da ƙananan wuraren da ke fitar da yawu mai ruwa-ruwa don kada wuya ya bushe. Kowane ɗan Adam da shi ake haifarsa. Ba tsiro ba ne, ba ciwo ba ne, ba ya ci gaba da girma har ya toshe wuya, kuma ba jaka ba ce balle ya fashe.

Bayan wannan labulen akwai kogon maƙogwaro, wanda a jikin babba tsawonsa yakan kai santimita 12 zuwa 14, daga gindin ƙoƙon kai zuwa inda hanyar abinci ta rabu da hanyar iska. Hawa uku ne. Na sama yana bayan hanci, ba a ganinsa ta baki. Na tsakiya shi kike gani a madubi. Na ƙasa yana bayan akwatin murya, inda wani ɗan murfi yake kifewa a kan hanyar iska duk lokacin da aka haɗiye abu. A hawan tsakiya, dama da hagu, akwai ƙulluwa biyu zaune tsakanin ninkin fata biyu, su ne likitoci ke kira tonsil. A hawan sama kuma, can a rufin bayan hanci, akwai wani nama irinsu da ake kira adinoyid. Aikinsu tare ƙwayoyin cuta da ke shigowa ta hanci da baki. A jikin yara sukan kumbura sosai, musamman tsakanin shekara uku zuwa bakwai, sannan su riƙa motsewa yayin da yaro ke tasawa.

Ki sake duba abin da kika rubuta game da yaronki: shekara huɗu, minshari, barci baki buɗe, ciwon wuya mai dawowa, ruwa a kunne. Likita ne zai tabbatar bayan ya duba shi, amma waɗannan alamu a tare sun fi kama da kumburin adinoyid da tonsil. Idan adinoyid ya cika bayan hanci, iska ba ta samun hanya, dole yaro ya buɗe baki. Batun kunne ma daga nan yake. Akwai wani siririn bututu da ya taso daga cikin kunne, bayan dodon kunne, ya buɗe a wannan hawan na sama, daf da adinoyid. Tsokar hanɗa ce ke buɗe shi idan aka haɗiye yawu ko aka yi hamma, shi ya sa kunnen da ya toshe a mota yakan buɗe da haɗiya. A jikin yaro bututun gajere ne kuma a kwance yake. In adinoyid ya danne bakinsa ko ya tara ƙwayoyin cuta a wurin, ruwa ya taru a kunne, ya zama mugunya, wani lokaci ya huda dodon kunne ya fito. Askar wanzami ba ta kai wa can. Da za a cire belin yau, gobe yaron zai ci gaba da minsharinsa, an ƙara masa rauni a kan ciwo.

Na san abin da ake cewa: ai mun ga wanda aka cire wa ya warke. Gaskiya ne an gani. Yawancin ciwon wuya na yara irin na mura ne, yakan tafi da kansa cikin mako guda. A kwanakin ciwon duk wurin yakan yi ja, belin ma ya kumbura ya yi tsawo, kuma shi ne abin da ido ya fi saurin gani. Sai a yanke shi, ciwon ya tafi a lokacin da dama zai tafi, aska ta sha yabo. Akwai kuma ciwon wuya da ke kisa da gaske, wanda ya sa iyayenmu suke tsoron wuyan yaro. Akwai ƙurji da ke tara mugunya a gefen tonsil har ya ture beli gefe guda. Akwai mashaƙo, wanda ya ɓarke a arewacin Najeriya daga ƙarshen 2022 zuwa 2023, jihar Kano ta fi kowace jin jiki. Mashaƙo yakan shimfiɗa wata fata mai launin toka a kan tonsil da bayan wuya har ta toshe numfashi. Maganinsa yana asibiti, kariyarsa kuma allurar rigakafi ce da ake yi wa jariri a mako 6, 10 da 14. Cire beli ba ya hana ko ɗaya daga cikinsu.

Batun jariri ya fi tayar mini da hankali. Bakin jinjiri ƙarami ne, harshe ya cika shi, belinsa ɗan mitsitsi ne. Akwatin muryarsa yana sama sosai fiye da na babba, har ɗan murfin nan yana kusan taɓa hanɗa, shi ya sa ya fi dogara da hanci wajen numfashi, kuma shi ya sa wurin ba shi da fili. A nan ne za a danne harshe, a zura ƙarfe mai lanƙwasa, jariri yana tsala ihu yana zillo. Ko hannun da ya fi kowane ƙwarewa yana iya haɗawa da gefen hanɗa. In hanɗa ta tsage ko ta warke da tabo mai tauri, labulen ba zai ƙara rufewa daidai ba: nono ya riƙa fitowa ta hanci, yaro ya tashi yana magana ta hanci. Wasu jariran ma ana haifarsu da beli mai rassa biyu, wanda wani lokaci alama ce cewa tsokar hanɗa ba ta haɗe ba a ƙarƙashin fata. Irin wannan yaro likita ya kamata ya gani, yanka kuwa ƙara masa matsala zai yi.

Sai jini. Jariri mai nauyin kilo uku, duk jinin jikinsa bai wuce mililita 250 ko kusa da haka ba. Abin da babba zai zubar bai ji komai ba, shi yana iya kai jariri ga ƙarin jini ko abin da ya fi haka. Jinin baki kuma yaudara gare shi, domin jariri haɗiye shi yake yi, ba a gani a zane, sai dai a ga ya yi fari fat, ya yi laushi, ko kashinsa ya yi baƙi. Ga shi jarirai ana haifarsu da ƙarancin bitamin K, wanda jini ke buƙata kafin ya daskare, kuma zubar jini saboda wannan ƙarancin ta fi faruwa tsakanin kwana biyu zuwa bakwai. Ki lura, ran kwana uku da ran suna duk a ciki suka faɗo. Ban da wannan akwai abin da ƙarfe ke ɗaukowa daga wani baki zuwa wani: ciwon hanta nau'in B, cuta mai karya garkuwar jiki, da tetanus mai sarƙe haƙora ya sandarar da jiki. Ciwon hanta B idan ya kama mutum yana jariri, kusan tara cikin goma yakan zauna musu har girma. Ko duk waɗannan ba su faru ba, jaririn da wuyansa ke ciwo yakan ƙi kama nono a kwanakin da ya fi buƙatarsa.

Maganar maigidanki gaskiya ce a iya inda ta tsaya. Mafi yawan waɗanda aka cire wa beli sun rayu, suna ci suna sha suna karatun Alƙur'ani, domin sauran hanɗar takan riƙe aikin. Ba a ƙasar Hausa kaɗai ake yi ba, ana yi a Nijar, Chadi, Sudan, Habasha har Tanzaniya. Amma tsira daga abu ba ya nufin abin ya yi amfani. Waɗanda suka tsira su muke gani a zaure suna ba da labari. Waɗanda ba su tsira ba an ce kwana ne ya ƙare, ba wanda ya haɗa rasuwar da askar shekaranjiya. Idan aka ce miki ai likitoci ma suna cirewa, haka ne, sukan rage beli da gefen hanɗa ga wasu manya masu ɗaukewar numfashi a barci, bayan gwaje-gwaje, a ɗakin tiyata, da maganin barci da kayan tsayar da jini a kusa. Ba a yi wa lafiyayyen jariri.

Yanzu Hajiya. Ina roƙonki ki riƙe a ranki cewa matar da ta binne ɗa a goye ba ta mantawa. Duk abin da aka ce mata ya kashe shi a wancan lokaci, ta rantse a zuciyarta ba zai sake ɗaukar mata wani ba. Tana jin jikanta yana gurnani da dare, tana ganin an zuba ido. In kika ce mata "ba za a cire ba" kika yi shiru, abin da za ta ji shi ne "ba za a yi komai ba". Don haka kada ki je mata da hani kaɗai, ki je mata da abin da za a yi a madadinsa. Zancen laifin gidanku kuwa, na san ya yi miki zafi, mahaifinki kuma daidai ya yi, amma ki bar shi ya wuce. Ramawa ba za ta ƙara wa yaron numfashi ba.

Abu na farko, kuma kada ya wuce makon nan tun kina iya fita: a kai yaron wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Manyan asibitocin gwamnati suna da wannan sashe, akwai a asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano a Kano da na Shika a Zariya, a Kaduna ma akwai cibiyar ƙasa ta kula da kunne. In babu kusa da ku, likitan yara zai duba ya tura ku. Kafin ku je, ki ɗauki bidiyonsa a waya yana barci, minti biyu ko uku, ƙirji a buɗe, yadda za a ji sautin a ga ko numfashin yana tsayawa ya dawo da firgita. Ki faɗa wa likita ko yana fitsarin kwance, ko yana tashi a gajiye, ko sai an ɗaga murya yake ji, ki kuma nemi a gwada jinsa. Wani yaron maganin feshi a hanci ya ishe shi, wani sai an kwashe adinoyid da tonsil a tiyata. Ki je da katin rigakafinsa a duba ko ya cika. Kuma ki roƙi Hajiya ta raka ku. Ki ce mata, "Hajiya, ke kika fara lura da wuyan yaron nan, ina so ki zo ki faɗa wa likita da bakinki." Ba dabara ba ce kawai, gaskiya ce, ita ta lura. Idan likita ya haska wuyan ya nuna mata ƙulluwan nan biyu sun kusa haɗewa, belin kuma yana tsakiya ba ruwansa, idonta zai gaya mata abin da bakinki ba zai iya ba.

Maigida kuma ki same shi ku biyu, ba a gaban mahaifiyarsa ba, ba kuma lokacin da ya shigo a gajiye ba. Kada ki sa shi zaɓi tsakaninki da ita. Ki nuna masa bidiyon, ki gaya masa maganar jinin nan, ki ce tsoro kike ji kuma shi ne uban yaran. Hukuncin nan a bakinsa ya kamata ya fito, da lafazin ɗa ga uwa: "Hajiya, likita ya ce a dakata, ni kuma na ga mu bi." Biyayya ga mahaifiya wajibi ce, amma ba ta kai ga a cutar da jariri ba, kuma hadisi ya zo cewa babu cuta babu cutarwa. Abin da Sunna ta zo da shi ga jariri shi ne suna, aski da yanka ran bakwai, da ɗan dabino da aka tauna aka shafa masa a ganɗa. Cire beli ba ya ciki. In akwai malami ko wani kawu da Hajiya ke jin maganarsa, maigida ya nemi ya sa baki cikin mutunci.

Wanzamin ma kada a wulaƙanta shi. Gidajen wanzamai da gidajen da suke yi wa aiki zumunci ne na kaka da kakanni, kuma abincinsa ne. Ya zo ran suna da zabirarsa, a ba shi sabuwar reza daga cikin takardarta ya yi askin suna a gabanku, a ba shi haƙƙinsa cikakke kamar ya yi duka, har da rabonsa na nama. Maigida ya gaya masa tun kafin ranar cewa aski kaɗai ake so. Da yawansu sun saba da jin haka yanzu.

Ki haihu a asibiti. Ki tabbata allurarki ta tetanus ta cika kafin nan, domin ita ce kariyar jariri har ya fara karɓar tasa. Ki tambaya a yi masa allurar bitamin K da ta ciwon hanta a ranar farko. Ki nemi malamar da ta karɓi haihuwar ta faɗi maganar beli a gaban Hajiya da maigida kafin a sallame ku. A gida za ki ji ana cewa "ga shi nan yana tumbuɗi, beli ne". Tumbuɗi daga bakin tumbi yake, wanda bai gama ƙarfi ba a watannin farko, ki ɗora shi a kafaɗa ya yi gyatsa bayan ya sha. Za ki iya ganin 'yan fararen ƙuraje kamar gero a tsakiyar ganɗarsa, yawancin jarirai suna da su kuma suna ɓacewa da kansu, kada a kankare.

In duk an yi wannan Hajiya ba ta sauko ba, to ki nemi mahaifiyarki ko gwaggonki ta zo ta zauna da ke har a yi suna, kuma jariri kada ya bar ɗakin ba tare da ɗayanku ba, musamman lokacin da kika shiga wanka. In kin ga hakan ma ba zai yiwu ba, maigida ya nema miki izinin zuwa wanka gida kamar na farko, iyaye su yi maganar a tsakaninsu. Fushin Hajiya na 'yan makonni abu ne da za ki iya gyarawa da gaisuwa da haƙuri da kai mata jika.

Idan kuma aka shammace ki aka yi, kada ki tsaya faɗa, ki duba jaririn. Jini a baki ko amai mai jini, baƙin kashi, tafin hannu ya yi fari, ƙin kama nono, zazzaɓi ko jiki ya yi sanyi, numfashi sama da 60 a minti ɗaya, ko nono yana fitowa ta hanci, kowanne daga ciki asibiti ne a take, ko da tsakar dare. Tetanus yakan ɗauki kwanaki kafin ya bayyana, don haka ko ya yi kamar lafiya lau ki kai shi a duba, ki ci gaba da lura har mako biyu ko uku, musamman in ya daina iya buɗe baki. Ki faɗa wa ma'aikata ainihin abin da aka yi da ranar da aka yi, kada kunya ko kare wani ta sa ki ɓoye.

Ki rubuto mini abin da likita ya ce game da yayan. Allah ya ba shi lafiya, ya sauke ki lafiya, ya saka wa Hajiya da alheri a kan kulawarta.